TAFIYA JERE DUTSE DA DARASIN DA GWAGGO TA BA MU A BAKIN TITI

 Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gaskiyarsa, domin akwai karatun da malami ba zai taɓa rubuta miki a allo ba, sai dai ki tsince shi a hanya. A wannan fitowa zan ɗauke ku zuwa Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. An raba jiha amma ba a raba zumunci ba, shi ya sa har gobe ake ɗaukar amare daga Kano zuwa Dutse, a kuma kawo daga can.

Irin wannan auren ne ya kai ni. 'Yar baffana aka aurar, mu kuma aka ɗora mana nauyin jere. Aka samo aron a-kori-kura ƙirar Hilux mai gida biyu, aka loda mata gado da katifa da madubi da kwanuka da tangaran, aka ɗaure tamau. Yayanmu ne ke tuƙi, Gwaggo a gaba, ni da wasu 'yan uwa biyu a baya. Washegari za a kawo amarya, kun kuwa san idan aka wayi gari ɗaki babu jere, to bakin dangin ango ba zai bar mu mu sha ruwa ba.

Ranar Juma'a ce, sai bayan an sauko daga masallaci muka bar Kano. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita 100 ne da 'yan kai, amma Juma'a ita ce ranar da kasuwar Wudil ke ci, ga manyan motocin shanu ga 'yan babur ga masu tallar kifi a wajen gada, sai da muka ɓata lokaci sosai kafin mu tsallake kogin. Daga nan muka miƙa zuwa Gaya, tsohon garin da masana tarihi ke cewa daga can maƙeran farko na Kano suka fito. Gonakin gero da dawa hagu da dama, ga kuka ga ɗorawa, iska mai daɗi, har mun fara waƙoƙin biki.

Mun wuce Gaya da ɗan nisa, la'asar ta yi sanyi, sai muka ji motar tana ja gefe guda, bayanta na wani irin kaɗawa. Yaya ya sauka daga kan kwalta a hankali ya tsaya. Tayar baya ce ta kwanta, ƙusa ta huda ta. Babu gari kusa, babu mai faci, ga rana tana gangarawa.

Yaya ya saba da ƙaramar mota wadda safayarta ke cikin but. Ya kewaya ya leƙa, can ya hango ta maƙale a ƙarƙashin bodi ta baya. Ya ɗauko sifana zai shige ƙasa ya nemi notin da zai kwance, sai Gwaggo ta sauko tana gyara mayafi ta ce, "Kai ɗan nan, fito daga nan. Wannan ba noti ke riƙe da ita ba, sarƙa ce."

Ya ce, "Gwaggo, a ina kika san wannan kuma?"

Ta ce, "Shekara nawa marigayi ya yi yana jan irin wannan mota daga wannan kasuwa zuwa waccan? Kana tsammanin ni ido na rufe?"

Ku saurara da kyau 'yan uwa, ga yadda ta sa aka yi. Da farko ta ce ya ja birkin hannu ya bar motar a giya, kowa ya fito, mu kuma muka kwaso duwatsu aka tokare tayoyin gaba, aka ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya don masu tahowa. Sannan ta ce a duba bayan kujerar da muke zaune, nan aka tarar da jak da wilsifana da wasu sandunan ƙarfe a cikin jaka. Sandunan nan ana haɗa su ne baki da baki su zama doguwar sanda ɗaya. A bayan motar, tsakanin ƙofar bodi da bamba, akwai wata 'yar kafa da ba kowa ke lura da ita ba. Ta nan ake zura sandar har bakinta ya shiga gurbinsa a jikin abin da ke naɗe sarƙar, sai a sa mariƙi a juya ta hagu, taya ta riƙa saukowa da kanta. Gwaggo ta ja kunne cewa a sauko da safaya tun motar tana kan ƙafafunta, kada mutum ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, balle mai kaya irin tamu.

Yaya ya juya, ya sake juyawa, abu ya ce bai san zance ba. Tsatsa da jar ƙasa sun cinye wurin, da alama an daɗe rabon da a taɓa shi. Jikina ya yi sanyi, na fara tunanin kwana a daji da kayan amarya. Gwaggo kuwa ko a jikinta, ta ce in miƙo mata kwalbar man gyaɗan da muka riƙo don girkin 'yan jere. Aka shimfiɗa wa Yaya tabarma ya kwanta da shaddarsa, ina haska masa da waya, ya ɗiga man a kan sarƙar da inda take shiga, ya ɗan bubbuga da wilsifana. Ta ce ya fito ya juya dama kaɗan, ya dawo hagu, ya yi ta yi a hankali kada ya lanƙwasa sandar. Can sai muka ji ƙarar sarƙa, taya ta kama hanyar ƙasa, mu kuwa muka ɗauki guɗa kamar an shigo da amarya!

Da ta dira, sai ta ce ya ci gaba da juyawa har sarƙar ta yi sako-sako, sannan ya jawo tayar waje, ya karkata ɗan ƙarfen da ke bakin sarƙar ya zare shi ta ramin tsakiya. Ko cokali ɗaya ba mu sauke daga kayan ba, wannan ita ce hikimar ajiye ta a ƙasa. Aka sassauta notuna 6 tun taya na ƙasa, aka ɗaga da jak a kan tauri, aka canza, aka ɗaure su ɗaya nan ɗaya can ƙetare don su zauna daidai. Wadda ta fashe aka rataye ta a sarƙar aka naɗe har ta manne. Iskar safayar ta ɗan yi ƙasa, don haka a sannu muka ƙarasa har wurin mai faci a bakin gari.

Ana kiran magariba muka shiga Dutse. Wallahi garin ya ci sunansa, manyan duwatsu ne wani kan wani kamar da hannu aka jera su, bishiyoyin dabino sun yi cirko-cirko a tsakani. Daren nan muka yi jere har ƙarfe ɗaya, gari na wayewa ɗaki ya fito tsaf.

Bayan biki aka zaga da mu. Muka je Garu, tsohon gari inda tsohuwar fada take a tsakiyar duwatsu. Mutanen wurin na yi wa garinsu kirari da Dutse Gadawur, kuma a labarin kaka da kakanni an ce wani maharbi ne ya fara zama a nan saboda yawan gada. Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya rasu a 2023, ɗansa Hameem Nuhu Sanusi ya gaje shi. Dutse ɗaya ce daga masarautu 5 na jihar, sauran su ne Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim. Muka ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, inda na ga 'yan mata sa'o'inku riƙe da littattafai abin sha'awa, aka kuma nuna mana hanyar Shuwarin mai babbar kasuwa. Dabino kuwa kowa sai da ya ƙullo tsarabarsa.

To ƙannena, ga shawarata. Duk ranar da za ku yi doguwar tafiya, ku tambayi mai tuƙi cikin ladabi ko akwai safaya da iska a cikinta, ko akwai jak da wilsifana. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana tambayar waɗannan a hanya. A jikin kowace taya akwai lambobi 4 da ke nuna haihuwarta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta haka za ki gane tsohuwa ko da fuskarta na ƙyalli. Idan babanku ko yayanku na aikin mota, ki tsaya ki kalla, kada ki ce wannan na maza ne. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, Ya ba amarenmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.