Na Je Kigali Neman Marayu, Na Tarar Sun Koma Gida

Rabin jakar da na sauka da ita a Kigali ba kayana ba ne. Alawa ce da fensira da 'yan riguna da abokan aikina malamai suka harhaɗa mini, da suka ji zan cinye dogon hutu wajen aikin sa-kai a gidan marayu a Ruwanda. Tun a filin jirgi aka raba ni da ledojin da na ƙunsa kayan a ciki, don ƙasar ta hana leda tun 2008. Na ce to, na sami abin ba da labari. Ashe ko tabarma ba a shimfiɗa ba tukuna.

Washegari ɗan acaɓa ya miƙo mini hular kwano (biyu kowannensu ke yawo da su, tasa da ta fasinja), muka yi ta hawa tudu muna gangarawa har Nyamirambo, unguwar da kiran salla da ƙamshin shayi suka sa na ji kamar ban bar gida ba. Na shiga cibiyar da aka tura ni ina baza ido in ga dogayen ɗakuna da gadaje a jere. Tebura na gani, da allo, da ganguna jingine a lungu.

Matar da ke kula da wurin za ta yi sa'ar yayata. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta yi murmushi. "Mwarimu," in ji ta, don haka suke kiran malami, kuma tushen kalmar ɗaya da malam ɗinmu, "kin makara da shekaru. Ba yaron da ke kwana a nan. In an tashi daga makaranta za su zo, kafin magariba kowa ya kama hanyar gidansu." Sannan ta gindaya mini sharaɗi biyu: ba ɗaukar hoton yara, ba raba alawa da hannuna. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba, kuma ta gani a fuskata.

"'Yar'uwa, wata guda za ki yi ki tafi. Mun ga yadda ake yi a da. Baƙo ya zo ya goya yaro, yaro ya saba da shi, baƙo ya hau jirgi. Wani ya zo, a maimaita. Yaron da aka yi wa haka sau goma, da wa zai ƙara yarda?"

Ban sami amsa ba, na ajiye jakar.

Ba mai koya wa Ruwanda maraici. A 1994, cikin kwana 100 kacal, an kashe mutum fiye da 800,000, mafi yawansu 'yan Tutsi, gidajen marayu suka cika maƙil. Kuma sun yi rana. A nan Nyamirambo ne Damas Gisimba ya ɓoye mutum wajen 400, yara da manya, a gidan marayun da ya gada daga mahaifinsa, wasu har a cikin silin, shi kuma yana bakin ƙofa yana lallaɓa makasan, 'yan Interahamwe. Ya rasu a 2023. To ko wannan gida mai tarihi yanzu wurin karatu da wasa ne na bayan tashi daga makaranta.

Abin da ya juya lamarin ƙidaya ce. A wajen 2012 aka bi gidajen marayu 33 aka tarar da yara da matasa 3,323, kuma akasarinsu suna da uwa ko uba ko wani dangi a raye. A shekarar gwamnati ta yanke cewa gida ya fi, a 2013 kuma ta fara shirin Tubarerere mu Muryango, wato mu raine su cikin iyali. Ba wai an buɗe ƙofa ba ne an ce kowa ya kama gabansa. Ma'aikatan jin daɗin jama'a ne ke bin sawun dangi, su zauna da su, a kai yaro ziyara sau da yawa kafin ya tare, bayan ya tare kuma a ci gaba da leƙowa. Wanda ba a gano nasa ba, sai a nemo masa Malayika Murinzi. Da na ji sunan ban nemi tafinta ba: mala'ika mai tsaro, mutanen da ke ɗaukar ɗan da ba su haɗa jini da shi ba.

Waɗanda suka fi burge ni su ne Inshuti z'Umuryango, aminan iyali. A kowace unguwa da ƙauye ana zaɓar mutum biyu, namiji da mace, su zama idon yara. Ba albashi suke ci ba. Na bi wata daga cikinsu ran wata Laraba, muka hau wani tudu har numfashina ya sarƙe, ita ko gezau. Gidan da muka je ɗaki biyu ne, da ayaba a bayansa. Matar gidan na da 'ya'ya uku, ta ƙara da na huɗu, yaro ɗan shekara bakwai. Aka kawo mana igikoma, kununsu ke nan. Abokiyar tafiyata ba ta yi wa'azi ba. Ta tambayi littafin makarantarsa, ta duba katin inshorar lafiyarsa, ta leƙa inda yake kwana, ta ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus. Ana cikin haka ya tsokani ƙanwarsa, uwar ta daka masa tsawa irin wadda ba a yi wa baƙo. Wannan tsawar ce ta gamsar da ni.

Ni kaina 'yar riƙo ce. Goggona ta ɗauke ni ina shekara biyar, kuma Allah ya sa na faɗa hannu na gari. Amma na san waɗanda ba su dace ba, domin a wajenmu in an miƙa yarinya sai a ce Allah ya raya, ba mai dawowa ya ga ko makaranta take zuwa ko talla. Riƙon muna da shi tun kaka da kakanni. Dawowar nan ce na gani a Kigali na yi shiru.

Ba su gama ba, su da kansu suna faɗa. Yara masu naƙasa sun fi wuyar samun mai ɗauka, kuma talaucin da ya kai wasu gidan marayu yana nan yana jiransu a gida.

Aikina dai ya zama taya yara aikin gida na Turanci, harshen da makarantunsu suka koma koyarwa da shi daga 2008, bayan Faransanci. Rigunan da alawar an raba wa iyaye mata, su suka ba 'ya'yansu. Ranar da zan tafi na shirya hawayena tsaf. Yaron nan na kan tudu ya ce "Murakoze, Mwarimu," wato na gode malama, ya saɓa jakarsa ya zura a guje, don uwarsa ta ce ya biya ya sayo gawayi kafin duhu.