Ranar da aka tambaye ni me nake nema a zane

1/ Masu zane, ku matso kusa. Yau zan ba ku labarin kunyar da na sha a kan kundin zanena, da abin da ta koya mini. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Na kai wa wani malamin zane ayyukana 20, duk fuskokin 'yan Kannywood da fensir. Ya duba ya ce: "Hannunka na da kyau. To me kake son ka gano?" Na yi tsuru-tsuru. Wallahi ban san ana shiga zane da tambaya ba.

3/ Ya ce masu tantancewa sun gaji da ganin kwafi. So suke su ga tambaya ɗaya da ka bi, inda ka gwada, inda ka faɗi, da yadda ka gyara.

4/ A hanyar gida, a Fagge, na lura allon shagon telan layinmu ya ɓace. Wanda aka zana da fenti, mai hoton keken ɗinki. An maye shi da bana ta kwamfuta. Nan tambayata ta zo: me ke ɓacewa idan allon hannu ya tafi?

5/ Wata huɗu ina yawo tsakanin Fagge da Sabon Gari, ina zana allunan masu aski, teloli da masu abinci. Na gano allon hannu yana yi wa wanda bai iya karatu ba magana: hoton almakashi ko kwano ya ishe shi.

6/ Gwajin farko a takarda ya fito fes, amma babu rai. Na koma falankin katako da fentin mai, irin na masu allon. Guda uku suka lalace. Ban yar da su ba, na rubuta dalili a bayan kowanne.

7/ Haka ake aunawa har a Amurka. A jarrabawar AP ta zane, hotuna 15 na binciken da ka bi su ke da kashi 60 na maki. Zaɓaɓɓun ayyuka 5 kuma kashi 40.

8/ Mu ma muna da tarihin wannan. A 1958, ɗalibai a Zariya irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kan tambaya ɗaya: yaya za a haɗa fasahar gida da abin da Turawa ke koyarwa?

9/ Da na koma wajen malam, ya fi daɗewa a kan falankan nan uku da suka lalace. Ya ce: "Yanzu ka fara."

10/ Don Allah ku daina yaga zanen da bai yi ba. Ku sa masa kwanan wata, ku ajiye. Ku kuma faɗa mini a ƙasa: wace tambaya kuke bi?