Faifai da rumbu

Ni malamin karatun manya ne a Tagriss, cikin jihar Maradi. Bara na sayi tsohuwar kwamfuta a Maradi don rubuta darussa da sunayen ɗalibaina. Da hasken rana nake yi mata caji.

Ɗana ya sa mata wasan ƙwallo. Ana cikin wasa sai hoto ya daskare, ko wasan ya rufe da kansa. Wata rana na rubuta sunayen ɗalibaina 32, ban ajiye ba, na tashi salla. Yaro ya buɗe wasa, kwamfuta ta ƙame. Da munka kashe munka kunna, sunaye sun tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce yaro ya kashe mini dukiya.

Na kai ta wurin wani saurayi mai gyara a Maradi. Ya duba, ya ce: "Malam, lafiyarta lau. Wurin aiki ne ya yi mata kaɗan."

Ga abin da na koya. Kwamfuta tana da ma'aji biyu. Na farko babba ne, kamar rumbu: abin da anka ajiye ciki yana nan ko an kashe wuta. Na biyu ana ce da shi RAM. Shi kamar faifai ne, nan take ɗora aikin da take yi yanzu. In wuta ta ɗauke, abin da ke faifai ya zube. Shi ya sa sunayena sunka ɓace. Faifan tawa giga 4 ne, wasa kuwa mai ci ne da yawa.

Windows tana aron gefe ɗaya na rumbu ta taimaki faifai. Amma rumbuna ya cika maƙil da finafinai, babu wurin aro. Mai gyara ya goge finafinan, ya kai wurin aron giga 6, ya kashe ya kunna. Ya rage kyan hoton wasan. Ya hure ƙurar da ta toshe fanka, don zafi ma yana kashe kwamfuta. Ya ce wurin aro bai kai RAM sauri ba, in na samu hali in ƙara RAM.

Tun ranar, wasa ya rage tsayawa. Na koma gida, na kira yaro na ce: "Yi haƙuri, na yi maka faɗa ban bincika ba. Finafinan nan ni na zuba su."

Ƴan uwa, salular hannunku ma haka take. Kada ku bari ta cika. Ku rufe abin da ba ku aiki da shi kafin ku buɗe wani. In kun yi rubutu, ku ajiye shi nan take. Hatsin da bai shiga rumbu ba, na kaji ne.