Ranar da Aka Miƙo Mini Makirfo

A Muchalla, can gindin duwatsunmu na Fali, wurin yaro a coci shi ne bencin baya, kusa da taga. Dattawa na gaba, matan Zumunta na gefe da tulunansu na kiɗa, mu kuma mu buɗe Littafin Waƙoƙi mu bi su. Hira da yaren Fali, sujada da Hausa. Baba yakan ba mu labarin Kulp da Helser, Turawan da suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923, inda ikilisiyarmu ta EYN ta samo tushe. Bangaskiyar Baba mai sanyi ce: baftisma a ruwa, wankin ƙafa, zaman salama da kowa.

Sai na tafi sakandare a Mubi, na shiga FCS, zumuntar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957. Shugabanmu ɗan aji shida ne mai zuwa wata cocin Fentikos a cikin gari. Shi ya buɗe mana Ayyukan Manzanni sura 2, inda Bitrus ya tuna wa jama'a annabcin Yowel, ya nuna mana cewa alkawarin Ruhu Mai Tsarki bai ware samari da 'yan mata ba. Wannan ce koyarwar 'yan Fentikos: bayan tuba akwai baftismar Ruhu, da magana da harsuna, da warkarwa, yau ɗin nan. Wani daren Juma'a ya miƙo mini makirfo ya ce, "Ɗan'uwa, bi da mu cikin addu'a." Shekaruna 15. Gwiwoyina na rawa, amma na yi.

Har gobe ana cewa jita da ganga ne suka kwashe matasa. Ni ban yarda ba. Abin da ya ja mu shi ne an kira mu da suna, an danƙa mana aiki.

Da na dawo hutu ina ɗaga murya a addu'ar safe, Baba ya bari na gama, ya ce, "Ɗana, Allah ba kurma ba ne." Na yi kwana uku ina fushi.

Akwai abin da na haɗiya a lokacin wanda daga baya ya tsaya mini a wuya. Wani baƙon mai wa'azi ya koya mana cewa wanda ya shuka iri da kuɗi, masifa ba za ta san ƙofarsa ba. Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram ta kama Mubi, ta afka wa hedkwatar EYN a Kwarhi. Mai bayarwa da marar bayarwa, duk tare muka hau dutse muka bi ta Kamaru. A hanyar nan maganar iri ba ta ƙosar da kowa ba. Haƙurin Baba da koyarwarsa ta gafara su suka riƙe ni. Amma da dare ya yi, dattawa sun gaji, waɗanda suka tara mutane suka bi da addu'a su ne yaran nan da suka saba kwanan addu'a a makaranta.

Iyayena dattawan ikilisiya, yaran suna nan a bencin baya. Ran Lahadi mai zuwa ku kira ɗaya, ku ba shi karatun Littafi.