Mai Kyamara da Littafin Lissafi

Karatu: Fitowa 35:30-35, 38:21-31



Akwai wasu mutanen da muke gani a kowane taronmu amma ba a cika yi musu wa'azi ba, wato masu ɗaukar hoto. Ko ɗaurin aure ne, ko miƙa jariri, ko godiyar kaka, ko ranar Zumuntar Mata, sai ka ga saurayi ko budurwa da kyamara a wuya, ana durƙusawa ana tashi a gaban bagade. Yawancinsu 'ya'yanmu ne. Wasu sun gama makaranta, sun yi hidimar ƙasa, aikin ofis bai samu ba, sai kyamara ta zama gonarsu. Abin da yake damuna shi ne, na ga da dama cikinsu sun fara da zafi, bayan shekara biyu ko uku sun sayar da kyamarar sun koma zaman jiran aiki. Kuma hotunansu suna da kyau. Abu biyu ne suka kā da su: ba su zauna a gaban wanda ya fi su ba, ba su kuma iya lissafi ba.

Mu fara da Bezalel. Shi ne mutumin da Allah ya kira da sunansa ya kuma cika shi da Ruhunsa domin aikin hannu, aikin zinariya da azurfa da tagulla, sassaƙar duwatsu da itace, don a gina alfarwa ta sujada. Ba annabi ba ne, ba firist ba ne, mai sana'a ne. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga kan duk wanda ake ce wa "ai mai hoto ne kawai". Amma ku duba aya ta 34 a sura 35. A can an faɗa cewa Allah ya ba shi, shi da Oholiyab na kabilar Dan, iyawar koya wa waɗansu. In akwai mai koyarwa, to, akwai masu koyo ke nan. Sauran gwanayen da suka yi aikin alfarwa su ma Allah ne ya ba su hikima, duk da haka ya sa musu malamai. Saboda haka in wani ya ce mini, "Baba, ni baiwa ce, ba wanda ya koya mini," nakan yi murna da rabin maganar, rabin kuwa ta ba ni tsoro.

Me ake koya a taron bita da mutum ba zai tsinta shi kaɗai ba? Ga misali daga cikin majami'unmu. Cikin ɗakin sujada da duhu-duhu, tagogi kuwa suna zubo hasken rana ta bayan ango da amarya. Amarya tana sanye da fara fat, fuskarta kuwa irin tamu ce. In ka bar kyamara ta yi wa kanta hukunci, za ta ga hasken taga da farin riga ta rage haske, sai fuskar amarya ta fito baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. In ka ƙara haske da ka, rigar ta ƙone ta zama farin fili, adon da aka biya tela kuɗi mai yawa ya ɓace. Wanda ya yi shekara ashirin a aikin zai nuna maka cikin rabin sa'a inda za ka tsaya, yadda za ka auna hasken a kan fuska, da yadda za ka juya filas ya bugi silin ko bango maimakon idon mutane. Kana iya ganin irin wannan a YouTube, ban hana ba. Amma bidiyo ba ya karɓar hotonka ya duba ya ce maka, "Ɗana, ka yanke wa uwar amarya ƙafa, ga kuma sandar makirufo ta tsiro a kan ango." Wannan gyaran ne ake biya. Yana da zafi, musamman a gaban sa'o'inka, shi ya sa masu girman kai suke guje masa.

J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗaya daga cikin manyan masu hoton ƙasar nan, a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan ya shiga aiki a 1954, a matsayin mataimaki. Daga 1968 ya soma ɗaukar kitson matan Najeriya, ya tara hotuna wajen 1,000, har aka nuna aikinsa a babban bikin zane-zane na Benis a ƙasar Italiya a 2013, shekara guda kafin rasuwarsa. Wanda duniya ta zo kallon aikinsa, da wanke hotunan waɗansu ya fara.

Ba kowane taro ne bita ba, wannan ma sai a faɗa. Akwai wanda za ka biya kuɗi, a ba ka riga da takardar shaida, a yi hoton rukuni, a watse. Kafin ka biya, nemi ganin aikin mai koyarwar, ka tambaya ko za a riƙe kyamara a yi aiki ko jawabi ne kawai, ko za a duba hotunan mahalarta ɗaya-ɗaya, ko kuma akwai zaman da aka keɓe wa maganar farashi. In ba kuɗin bita, bin ƙwararre kana riƙe masa fitila wata shida ma makaranta ce.

Yanzu ku buɗe sura 38, inda yawancinmu muke tsallakewa in muna karatun safe. Bayan an gama aikin, Musa ya sa Lawiyawa, ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna, suka rubuta lissafin kayan da aka yi amfani da su. Zinariya talanti 29 da shekel 730. Azurfa talanti 100 da shekel 1,775. Tagulla talanti 70 da shekel 2,400. Har an faɗi inda kowanne ya tafi: talanti 100 na azurfa aka zuba kwasfa 100 da su, shekel 1,775 ɗin kuma aka yi maratayan ginshiƙai da dalayen kawunansu. Ba wanda ya zargi Bezalel da sata. Mutum ne cike da Ruhun Allah, duk da haka an auna, an ƙirga, an rubuta. Ina mamakin inda muka samo tunanin nan cewa riƙe littafin lissafi rashin bangaskiya ne, ko kuwa son abin duniya.

Bari mu yi namu lissafin. A ce an ba ka aikin biki a kan naira 80,000. Ranar Asabar da dare kana murna, ka cire zakka, ka saya wa Mama atamfa, ka ɗauki abokai zuwa wurin mai tsire. Ba ka cire kuɗin mota zuwa ƙauyen amarya da dawowa ba. Ba ka cire na yaron da ya riƙe maka fitila ba, da na albam da firam da wankin hoto, da man janareto na dare uku da ka yi kana gyara hotuna a kwamfuta, da data da ka tura su. Sai kuma wanda kusan kowa yake mantawa: kyamarar kanta tana tsufa. Ƙofar da take buɗewa ta rufe duk lokacin da ka danna tana da iyakar kwananta. Kamfanoni irin su Canon da Nikon sukan ƙiyasta wajen dannawa 100,000 ga ƙananan kyamarorinsu. In kana ɗaukar hoto 1,000 a kowane biki, biki 100 ke nan. Wanda bai ware wani abu daga kowane aiki don ranar da za ta tsaya ba, uwar kuɗinsa yake ci yana ce mata riba. Kayan nan kuwa duk daga waje ake shigo da su. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira a 2023, dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba ta haura 1,000 nesa, farashin kyamara da batir da katin memori duk suka bi ta. Mai hoton da har yanzu yake karɓar kuɗin 2022 don yana jin kunyar 'yan ikilisiya, shi ne yake biya wa mutane bikinsu bai sani ba. Ubangijinmu da kansa, a Luka 14, ya kawo misalin mai ginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Almajiranci yake koyarwa a wurin, amma da ba gaskiya ba ce a kasuwa, da bai yi misali da ita ba.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. A rubuta yarjejeniya ko da a WhatsApp ne: hoto nawa, albam ko babu, ranar bayarwa, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a cika. A ba da rasit. A raba asusun sana'a da na aljihu. In aiki ya fara girma, a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, domin makarantu da ƙungiyoyi da yawa ba sa biyan kuɗi a asusun mutum.

Akwai guda da nake so in daɗe a kai, don ya wuce maganar kuɗi. Wata rana wata 'yar'uwa ta zo ofishina da hawaye. Mai hoton aurenta ya goge katin memori don ya ɗauki wani bikin, kwamfutar da ya zuba hotunan kuma ta lalace. Mahaifinta, wanda ya riƙe hannunta ya shigo da ita majami'a, ya rasu bayan 'yan watanni. Yaron ya yi kuka, ya ce zai mayar da kuɗin. Ta ce, "Baba, kuɗin me?" Ban sami abin da zan ce mata ba sai addu'a. Tela in ya ɓata ɗinki ana sayen wani yadi, amma ba a sake ɗaura aure don mai hoto. Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da wani mai hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata, ana ce mata 3-2-1: kwafi uku na kowane aiki, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam da gidanka, ko a intanet. Minti goma ya isa a koya maka wannan a bita. Abin da mutane suka sa a hannunka amana ce, kuma a wurina mai bi da ya karɓi aikin aure da kati ɗaya, ba ajiya ta biyu, bai ƙaunaci maƙwabcinsa yadda ya kamata ba, ko da shi ne yake jan waƙa ranar Lahadi.

Sai kuma mu, ikilisiya, fastoci da dattawa da iyaye mata. Mun iya cewa, "Ai ɗanmu ne, zai yi mana don Allah." Mai hayar kujeru an biya shi, mai rumfa an biya shi, mai shinkafa an biya ta, an kawo mai kiɗa daga wani gari an sallame shi da ambulan. Ɗanmu da ya tsaya tun ƙarfe takwas har rana ta faɗi, sai a ce masa, "Allah ya sa albarka," a ba shi lemo. Littafin Firistoci 19:13 ya hana a bar ladan ma'aikaci ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki, Yakubu 5:4 kuma ya yi kashedi mai zafi ga masu danne shi. Ba a ware 'yan ikilisiya ɗaya daga wannan doka ba. In yaro ya ga dama ya ba Ubangiji aikin ranar kyauta, baikonsa ne, Allah kuwa zai karɓa. Amma baiko shi ne abin da mutum ya miƙa da hannunsa, ba wanda aka zare masa daga aljihu ba. Shi ma ba zai san girman abin da ya bayar ba sai ya san farashinsa.

Shugabannin zumunta, ga shawara. A kowace gunduma tamu ba za a rasa ƙwararren mai hoto ɗaya ba, da akanta ɗaya, wataƙila da lauya. Muna da ɗakin taro, muna da benci, muna da janareto. Ku haɗa su Asabar guda, ku kira duk mai riƙe kyamara, har da masu ɗauka da waya, kowa ya zo da hotuna goma da littafin rubutu. Ku biya masu koyarwar ko da kuɗin mota ne. In kuma kwamitin godiyar kaka ta bana ya zauna tsara kasafi, a sa layin mai hoto a ƙarƙashin na kujeru da rumfa, a rubuta adadi a gabansa.

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku. Amin.