Kiki Gyan da Haƙƙin Mamaci a Kan Masu Ba da Labari



Idan aka ambaci sunan Kiki Gyan a majalisar samari a yau, mafi yawansu ba su san shi ba. 'Yan kaɗan da suka taɓa jin sunan kuwa, abin da za su fara faɗa shi ne yadda ya ƙare rayuwarsa. Da wuya ka sami wanda zai ce maka ga abin da yatsunsa suka yi a kan fiyano. Wannan ba laifin samarin ba ne, abin da aka bar musu ke nan. Ina ganin an tauye wa mutumin nan haƙƙi bayan ransa, kuma irin wannan tauyewar ta riga ta shigo cikin gidajenmu.

An haifi Kiki Gyan a Takoradi a shekarar 1957. Tun bai kai shekara 20 ba ya zama mai kaɗa fiyano a ƙungiyar Osibisa, wadda Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio suka kafa a Landan a 1969 tare da abokansu daga Najeriya da tsibiran Karibiyan. Osibisa ce ta ɗauki kiɗan hailaif na ƙasar nan ta gauraya shi da jaz da sauran kaɗe-kaɗen zamani, ta kai shi gaban Turawa, har faya-fayanta masu hoton giwa mai fuka-fuki suka zagaya duniya. Yaro ɗan Takoradi ya zauna a tsakiyar waɗannan manya, bai ba da kunya ba. Daga baya ya fita ya kama gaban kansa, a 1979 ya fitar da waƙarsa da aka fi sani, mai suna 24 Hours in a Disco.

Mu da muke yara a ƙarshen shekarun 1970, a shagunan teloli da na masu aski muka san wannan sauti. Rediyon Akasanoma yana rataye a ƙusa, keken ɗinki yana aiki, sai ka ji fiyano ya kutso ta tsakanin ganguna da ƙahoni kamar ruwa yana gangarowa daga kan tudu. Ba mu san sunan mai kaɗawa ba sai da yayyenmu suka gaya mana, suna faɗa da alfahari cewa ɗan Gana ne, kuma bai girme su da komai ba. Na san malamanmu sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa, kuma ba wannan ne abin da ya kawo ni ba. Wanda ke sauraro da wanda ya kame kunnensa duk sun haɗu a kan cewa mamaci yana da alfarma.

Kiki ya faɗa cikin jarabar miyagun ƙwayoyi, ya daɗe a ciki, dukiya ta tafi, lafiya ta bi ta. Shi da kansa bai ɓoye wannan ba, ya yi magana a kai a bainar jama'a. Ya rasu a watan Yunin 2004 yana da shekara 47. Abin da ya biyo baya shi ne ya tsaya mini a rai. Aka yi ta maimaita inda aka same shi, da halin da aka same shi a ciki, da sunan ciwon da ake cewa ya kashe shi, da yadda yake yawo a titunan Ankara a shekarunsa na ƙarshe. Ba zan jera waɗannan abubuwa a nan ba, don in na jera na shiga sahun da nake kuka da shi. Aikinsa na shekaru ya koma layi biyu a farkon labari, faɗuwarsa ta cinye sauran shafin. Sai a 2012 wani kamfanin faifai na Ingila mai suna Soundway ya tattara kaɗe-kaɗensa na 1978 zuwa 1982 ya sake fitarwa. Baƙi ne suka tuna mana cewa mutumin nan makaɗi ne kafin ya zama abin misali.

Na san amsar da za a ba ni: gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma idan ba a faɗi yadda ƙwaya ta kayar da Kiki ba, da me za a ja kunnen yara? Wannan magana tana da nauyi, musamman a wurinmu da muka ga abin da Tramadol ya yi wa samari a lungunan Nima. Amma akwai bambanci tsakanin wa'azi da tonon silili. Mai wa'azi yana faɗin abin da ya isa a ɗauki izina, sa'an nan ya yi shiru. Mai tonon silili yana ƙara abin da ba ya ƙara wa kowa hankali, sai dai ya sa a sayi jarida ko a danna waya. Cewa ƙwaya ta karya gwani izina ce. Bayanin ɗakin da ya cika a ciki ba ya hana kowane yaro shan komai, iyalansa kawai yake soka. Kuma lokacin da Kiki ya ba da labarin kansa yana raye, nasa ne, yana da ikon bayarwa. Bayan ya mutu ba ya iya cewa a dakata a nan.

Ba na cikin masu ƙyamar 'yancin 'yan jarida. Tsarin mulkin 1992 ya ware babi guda don kare shi, aka kafa Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa a 1993, aka soke dokar da ke kai ɗan jarida kurkuku saboda ɓata suna a 2001. Albarkacin wannan muka sami gidajen rediyo masu magana da harshenmu. Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Gana ma tana da ƙa'idojin aiki da suka umurci mambobinta su yi taka-tsantsan wajen mutanen da ke cikin juyayi. To amma waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne don mai ofis da edita a samansa. A 2004 sai labari ya ratsa hannun mutum biyu ko uku kafin ya fita. Yau duk mai waya a aljihu shi ne ɗan jarida, shi ne edita, shi ne mai rabawa.

Mun ga inda wannan ya kai mu. A ranar 8 ga Fabrairun 2018 mawaƙiya Ebony ta rasu a haɗarin mota a kan hanyar Sunyani zuwa Kumasi tana da shekara 20. Ba a jima ba bidiyon gawarta daga ɗakin ajiye gawa ya shiga wayoyin mutane. Kowa ya yi tir, amma da yawa daga masu tir ɗin sai da suka kalla, wasu har suka tura. A Fabrairun 2023, bayan girgizar ƙasar Turkiyya, aka baza cewa an zaƙulo ɗan ƙwallonmu Christian Atsu da rai. Aka yi murna, aka yi godiya ga Allah, sai a ranar 18 ga watan aka gano gawarsa. Iyalansa sun yi rashin sau biyu saboda gaggawar masu son su riga kowa. A ranar 6 ga Agustan 2025 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a hanyarsa ta zuwa Obuasi, mutum takwas suka rasu, cikinsu har da Minista Ibrahim Murtala Mohammed da Alhaji Muniru Limuna. Kafin yamma hotunan da bai kamata ido ya gani ba sun cika Facebook da WhatsApp.

Mu mutanen Zango muna da namu tsarin, ko da yake ba a rubuce yake ba. Aikina ya sa sanarwar rasuwa da yawa sun bi ta hannuna, kuma ga yadda na tarar da magabata suna yi. Idan rai ya yi halinsa, ba a buɗe baki sai an tabbatar. Sai a nemi babban gida a sanar da shi. Uwa da mata ba a gaya musu a tsaye ko a kan hanya, dattijuwa ake aikawa ta zaunar da su tukuna. Daga nan a je wa liman da mai unguwa, a tsayar da lokacin jana'iza, ko Awudome za a kai shi ko Madina, sa'an nan lasifikar masallaci ta yi magana. Abin da sanarwar ke ɗauke da shi kaɗan ne: sunansa, gidansu, lokacin salla, da roƙon gafara. Ba a faɗin ciwo, ba a faɗin bashi, ba a faɗin abin da aka gani a jikinsa.

Wannan tsari yana rushewa a gaban idonmu. Na san gidan da uwa ta ji mutuwar ɗanta daga bakin 'yarta da ke Jamus, wadda ita ma a wayar wata ƙawa ta ga hotonsa kwance a bakin titi, alhali dattijuwar da aka aika ba ta ko ɗaura mayafi ba. Wanda ya ɗauki hoton ba maƙiyi ba ne, abokin marigayin ne, har ya rubuta addu'a a ƙasa. Niyyarsa mai kyau ba ta rage wa uwar nan komai ba. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta wuyar mayarwa.

Abin da muka karanta a gaban malamai bai bar mu cikin duhu ba. Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu karɓi labari, kuma ta kamanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce. Hadisi ya hana zagin waɗanda suka riga mu. Malaman fikihu sun so mai wankan gawa ya zama amintacce, wanda zai rufe abin da ya gani. Wannan alfarma ba ta tsaya ga Musulmi kaɗai ba, don ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye lokacin da aka wuce da gawar wani Bayahude, saboda shi ma rai ne. Idan mai wanka da ya taɓa gawa da hannunsa an ɗora masa wannan amana, mai riƙe da waya bai fi shi 'yanci ba.

Sutura ba ta nufin a binne gaskiya tare da mamaci. An harbe ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a Madina a watan Janairun 2019, kuma muna so 'yan jarida su ci gaba da tambayar wa ya kashe shi har ranar da za a sami amsa. Idan sakaci ne ya kashe mutum a asibiti ko a kan hanya, a tono, a faɗa, a kama sunan mai laifi. Ma'aunin shi ne a duba wa tonon zai amfana. Wanda zai ƙwato wa mamaci haƙƙinsa ko ya tsare rayayyu, wajibi ne. Wanda ba ya ƙosar da komai sai son gani, cin amana ne ko da an rufe shi da addu'a.

Saboda haka roƙona ga masu gidajen rediyonmu da masu shafuka da kowane mai waya abu uku ne. Kada ka sanar da mutuwa sai ka ji daga bakin iyali. Kada ka ɗauki hoton gawa, in an turo maka ka goge, ka gaya wa wanda ya turo cewa bai kyauta ba, ko da ya girme ka, cikin ladabi. Idan kuma za ka ba da labarin wanda ya tafi, ka fara da aikinsa, ka ba shi faɗin da ya kamace shi.

Kiki Gyan ya koma ga Mahaliccinsa, hukuncinsa ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za mu ambace shi: ɗan Takoradi wanda ya zauna a gaban fiyano yana yaro, ya sa aka ji sunan Gana a ƙasashen da iyayenmu ba su taɓa takawa ba. Allah ya rufa mana asiri muna raye, ya sa kuma waɗanda za su tsaya a kanmu ranar da ba mu iya magana su zama masu amana.