Fita da Safe, Dawowa Kafin Magariba: Sifawa, Bodinga da Shagari

Litinin

Mun sauka Sakkwato bayan la'asar, ƙurar hunturu ta lulluɓe gari. Ƙungiyarmu ta malaman sakandare ce ta shirya tafiyar, kowa ya biya tun daga Zariya: kuɗin mota, masauki, abinci da ladan jagora, duk a dunƙule. Masauki ɗaya ne, kullum a fita da safe a dawo kafin magariba.

Muna cin tuwo da dare Hajiya, babbar cikinmu, ta ce tsarin nan sak irin na jirgin shaƙatawa da ta taɓa shiga a kogin Nilu, daga Luksor zuwa Aswan. A jirgi kake kwana. In ya tsaya a Edfu ko Kom Ombo, sai jagora ya kwashe ku zuwa gine-ginen zamanin Fir'aunoni, ya maido ku a kan lokaci. Wanda ya bi ayari ana jiransa. Wanda ya fita gaban kansa ya makara, sai dai ya nemi mota ya tarar da jirgi a gaba. Jagoranmu, wani matashi Basakkwace, ya ce: "To Hajiya, nan ma bas ba ta kai dare bisa hanya." Kowa ya san tsaro yake nufi, ba wanda ya ja da shi.

Talata

Cikin gari muka wuni. Da safe Hubbaren Shehu, muka yi ziyara muka yi addu'a. Da rana gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. Jagora ya ce mu riƙe shekaru biyu don gobe: 1808, da Alƙalawa ta faɗi, da 1817, da Shehu ya rasu.

Laraba

Mun ɗauki hanyar Jega, muka wuce filin jirgin sama na Sultan Abubakar na Uku, ba a daɗe ba muka ratse zuwa Sifawa.

Shekaru nake koya wa yara cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato, birnin da ɗansa Muhammadu Bello ya kafa a 1809. A nan ne, a 1812, ya raba ɗawainiyar mulki: gabas ga Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. A aji wannan layi uku ne a kan allo. A Sifawa kuwa gari ne mai rai, mata na daka, yara na tahowa da alluna. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙanƙantar wurin. Mutumin da tutocinsa suka kai Kano da Bauchi da Adamawa bai nemi fada ba. Inda zai zaunar da almajirai ya nema.

Wani dattijo da muka tarar a inuwar masallaci ya taso ya tarbe mu. Muka duƙa muka gaishe shi, Hajiya ta ce, "Baba, mun zo ganin gidan Shehu ne." Ya ce, "Kun zo gida. Ku zamna, in hwaɗa muku abin da munka ji ga iyayenmu." Ya fara nuna mana da sandarsa inda ake cewa nan Shehu ke zama, nan jama'a ke taruwa. Bai kai ko'ina ba direba ya danna hon. Minti arba'in jadawali ya ware wa Sifawa.

Raina ya sosu ƙwarai. Ba laifin jagora ba ne, takarda aka ba shi. Amma wanda ya rubuta takardar ya auna Sifawa da girman gini, alhali abin da ke nan a bakin mutane yake, baki kuwa sai an zauna yake buɗewa. Dattijon ya raka mu har bakin mota yana sa mana albarka, labarinsa a yanke.

Bodinga na nan kusa. A nan Malam Abdullahi ya zauna lokacin da yayansa ke Sifawa, sai bayan rasuwar Shehu ya tare a Gwandu. Jagora ya yi ƙoƙari a nan: ya ambaci Tazyinul Waraƙati na 1813, da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ya kuma tuna mana cewa Abdullahi ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas don ɓacin ran ganin son duniya ya fara shiga jama'a, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Da ni kaɗai na zo, da na wuce Bodinga ina kallon tasha da masu sayar da albasa. Wannan amfanin ayari ne, ba na musunsa.

Mun sha fura da nono, muka juya.

Alhamis

Yau Shagari, gaba da Bodinga a kan hanyar Tambuwal. Nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925, nan kuma aka rufe shi bayan rasuwarsa a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018. Mun yi masa addu'a. A mota an yi ta maganar mulkinsa, daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, da jam'iyyar NPN, da sarautarsa ta Turakin Sakkwato. Ni dai abin da na riƙe, malamin makaranta ne kamar mu. Daga wannan ƙauye ya tafi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce kwalejin Kaduna, ya dawo ya riƙe alli kafin siyasa.

Daga nan aka kai mu madatsar ruwa. Masu noman rani na ban ruwa, masunta na gyaran koma. Matasan cikinmu suka ga kwalekwale suka ce sai sun shiga. Jagora ya tambayi mai jirgin ko yana da rigunan hana nutsewa, ya ce babu. Jagora ya ce to ba mai shiga. Aka yi ta gunaguni, har ya tuna musu da watan Afrilun 2022, lokacin da kwalekwale ya kife a ruwan Shagari, mutum 29 daga Gidan Magana suka rasu, akasarinsu yara da suka fita neman itacen girki. Allah ya jiƙansu. Kowa ya yi tsit. Tsaurin da ya ɓata mini rai jiya, yau na gode masa a kansa.

Juma'a

Bayan masallaci muka zauna da masu shirya tafiyar, don suna so a kawo ɗalibai a hutu mai zuwa. Na ce jagora ɗaya daga birni bai isa ba. A aika tun da wuri ga hakimin Sifawa, a nemi dattawan da suka san tarihin garin, a ware musu ladansu cikin kuɗin tafiya yadda ake ware na direba, a kuma bar wa Sifawa da Bodinga wuni guda cur. Malamin lissafi ya ce kuɗi zai ƙaru, iyaye kuma ba za su so ba. Hajiya ta ce a rage kwanan cikin gari, tunda Hubbare da gidan tarihi safiya ɗaya ta ishe su. A kan haka aka tsaya. An ɗora mini rubuta wasiƙar Sifawa, in kai wa shugaban ƙungiya ya sa hannu ranar Litinin.